Matakan Zuwa Kallon Wasa a Yamai: Masauki a Harobanda, Kiɗa a Ƙetaren Gada

Matasa da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato sun haddace kiɗan Nijar a waya, amma ba su taɓa taka ƙasar ba. Sun san jitar Bombino, sun san ta Mdou Moctar, sun san sarewar Yacouba Moumouni na ƙungiyar Mamar Kassey, wasu kuwa ba su haɗa Tal National da kowa ba. In kana cikinsu, ƙanena, kuma ranka ya biya ka je Yamai ka gan su ido da ido, ga yadda za ka tsara tafiyar. Na ɗauka aljihun ba mai nauyi ba ne, shi ya sa masaukin da zan nuna maka yake Harobanda, ɓangaren birnin da ke ƙetaren kogin Kwara, inda jami'a take. Sai dai ka sani tun yanzu: manyan wuraren wasa suna wancan gefen ruwa, kai za ka kwana a wannan. Duk shirinka, daga lokacin fita har na komawa, a kan gada zai rataya.

Mataki na ɗaya: tabbatar da ranar wasa kafin ka yanki tikitin mota

Nan ne mutane suka fi yin garaje. Makaɗin da ya yi suna ba zaman gida yake yi ba. Bombino, wanda faifansa Deran na 2018 ya kai shi cikin 'yan takarar lambar Grammy, da Mdou Moctar, suna shafe watanni suna zagayen Turai da Amurka. Etran de L'Aïr mutanen Agadas ne, tsakaninsu da Yamai tafiya ce mai nisa. Kana iya zuwa ka yi mako guda, gwaninka yana can wata uwa duniya.

In son samu ne, ka ɗora tafiyarka a kan ƙungiyar da Yamai ce gidanta. Tal National ita ce babban misali. Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a shekarar 2000, mutumin da aka sani da aikin shari'a da rana, da dare kuma jita a hannu. Faifansu uku sun fita duniya ta kamfanin FatCat na Ingila: Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, Tantabara a 2018. Suna waƙa da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da harshen Buzaye, kuma sun yi suna wajen wasa mai tsawo, sa'o'i biyar a dare ɗaya, dare da dama a mako. Makaɗansu suna da yawa har sukan rabu biyu su yi wasa a wurare biyu lokaci guda. Saboda haka in Almeida kansa kake son gani, sai ka tambaya a wane rukuni zai tsaya a daren.

Yaya za ka tabbatar? Duba shafin ƙungiyar da na wurin wasan a Facebook, amma kada ka tsaya nan. Sanarwa takan daɗe a shafi bayan an ɗaga rana. Nemi wani da ke cikin garin ya saurara maka gidajen rediyo irin su Anfani da Saraounia da Ténéré, ko ya bi ta ƙofar wurin ya ɗauko maka hoton takardar talla. Lokacin da ke jikinta da lissafin Faransanci ake rubuta shi: 20h ƙarfe takwas na dare ke nan, 16h kuma huɗu na yamma.

Sai batun wata. A azumi ba a wasa, amma kwanakin Sallah gari yakan cika da shagali. Ranar 21 ga Yuni ranar kiɗa ce da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka saba rayawa. Ni dai in ka tambaye ni, Disamba da Janairu ba su da na biyu: ga sanyi, ga kogi ya cika, ga hanya a bushe. Daga Maris zuwa Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, wuta kuma tana yawan ɗaukewa. Agusta da Satumba kuwa su ne watannin da Harobanda take zaman ɗar-ɗar, domin ƙasarta kwari ce. A 2012 ruwa ya ci unguwanninta, a Satumbar 2020 ma kogi ya fasa madatsa ya shiga Lamorde, dubban mutane suka bar gidajensu. Ba lokacin ɗora wa mai masauki nauyin baƙo ba ne.

Mataki na biyu: takardu da kuɗi

Zamanin da ake tsallaka iyaka da gaisuwa kawai ya wuce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar har zuwa Maris na 2024, sannan a ƙarshen Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Dokokin shiga suna iya sauyawa, don haka ka tafi da fasfo mai rai, da katin shaidar ɗan ƙasa, da katin allurar shawara mai launin rawaya. Ka yi musu kwafi ka ajiye a wata jaka daban. Kwana biyu kafin tashi ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum abin da ake nema a makon nan. Su ne suka fi kowa sani.

Kuɗin Nijar sefa ne, kuma lissafinsa a bakin mutane da dala ake yi. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, ƙwandalar 100 yake nufi. In ya ce ɗari, takardar 500 ce. Jaka ɗaya 1,000. Zauna ka maimaita wannan a mota har ya zauna maka, in ba haka ba za ka miƙa 100 inda ake jiran 500, a yi ta kallon-kallo. Canji kuwa ka yi shi wurin 'yan canjin da aka sani, a Wapa in daga Kano kake, ko a Maradi ko Ƙonni, ka kuma roƙa a haɗa maka da ƙananan takardu da ƙwandaloli. Takardar jaka goma a hannun mai taksi da sassafe neman magana ce.

Kada ka dogara da katin bankinka na naira. Dabarar da 'yan kasuwa ke yi ta fi: ka je ofishin aika kuɗi irin na Nita ko Amana a garin da ka fara sauka, ka tura wa kanka rabin guzirinka, ka karɓa a Yamai da katin shaida. Layin waya ma ka saya tun nan, Airtel ko Moov ko Zamani, da katin shaida ake rajistarsa. Ka kuma sayi kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu, domin soket ɗinsu ba irin namu mai ƙafa uku ba ne. Agogo dai ɗaya ne da na Nijeriya, babu abin gyarawa.

Mataki na uku: hanya

Daga Kano ko Katsina, Jibiya za ka bi zuwa Maradi. Daga Sakkwato, Illela zuwa Birnin Ƙonni. Duk wadda ka ɗauka, da rana tsaka za ka bi ta. Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Ƙonni kuwa ya ɗan wuce 400.

Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo da STM da Al Izza kowanne da tasharsa. Ka yanki tikiti da yamma, a rubuta sunanka, a sa wa kayanka alama. Motocin sukan tashi wajajen asuba, shi ya sa fasinjoji da yawa a tashar suke kwana a kan tabarma. Ka shiga da rigar sanyi, na'urar sanyaya motar ba ta da tausayi. In daga Maradi ne, za ku bi Gidan Rumji, Madawa, Galmi garin albasa, Malbaza mai kamfanin siminti, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kafin ku shiga Yamai da yamma. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, a karɓi katuna, a kira suna ɗaya-ɗaya. Ka amsa abin da aka tambaye ka, ka ajiye wayarka a aljihu, ka koma kujerarka.

Mataki na huɗu: sauka a Harobanda

Harobanda ita ce gunduma ta biyar ta birnin. Unguwanninta su ne Lamorde, Karaje, Kirkisoy, Gaweye, Nogare, Banga Bana, Sagiya da sauransu. A nan Jami'ar Abdou Moumouni take, wadda ta faro a 1971, aka raɗa mata sunan wannan masanin kimiyyar hasken rana a 1992. A nan ne kuma babban asibitin Lamorde da cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma a ƙasashen Sahel suke. Fulani da Zabarmawa ne tsofaffin mazauna, amma jami'a ta tara 'yan Maradi da Damagaram da Tawa da Doso, har ka yi yini guda ba ka rasa mai amsa maka da Hausa ba. Tun 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a dokar Nijar.

Abin da ya sa na zaɓa maka nan bai wuce biyu ba. Na farko sauƙi: inda ɗalibai suke, abinci da ɗaki ba sa tsada. Na biyu, ɗaliban nan su ne 'yan kallon. Su suka san wane wasa ne na gaske, wane ne talla kawai, su ne kuma za ku tsallaka gada tare ku dawo tare.

Masauki mafi kyau shi ne na sanayya. Kafin ka bar gida ka bi dangi da abokai, da wuya a rasa wanda ke da ɗan'uwa a jami'ar ko a kasuwa. Ka kira shi tun da wuri, ka faɗi kwana nawa za ka yi, ka riƙo 'yar tsaraba. In kuwa ɗakin haya za ka kama a ƙaramin gidan baƙi, ka duba abubuwan nan da idonka kafin ka biya: famfo yana zuwa da ruwa? Fanka tana juyawa? Akwai gidan sauro? Sauron bakin kogi ba ya wasa, musamman kusa da gonakin shinkafa na Kirkisoy. Sai babbar tambaya: ƙarfe nawa ake kulle ƙofa? Wanda zai dawo daga kallo ƙarfe biyun dare dole ya san wannan, ya kuma san mai gadi da suna.

Ke kuma ƙanwata, in ke ce mai tafiyar, ki tafi da yardar gida, ki sauka gidan dangi ko na ƙawar da iyayenki suka sani, ki je kallo cikin ayari. 'Yan mata suna zuwa wasa a Yamai cikin mutunci, amma ba a dawowa ke kaɗai.

Da yamma ta farko, ka sa mai masaukinka ya kai ka fadarsu. Fada a Nijar majalisar samari ce: benci ko tabarma a bakin titi, sunan fadar a rubuce da fenti a jikin bango, 'yar butar shayi a kan gawayi, wani yana ɗaga ta sama yana tsiyayawa cikin ƙaramin kofin gilashi har kumfa ta tashi. Zagaye uku ake yi, na fari ɗaci, na ƙarshe zaƙi, kuma ba a shan na fari a miƙe. Ka yi sallama, ka bi kowa da hannu. In Bazabarme ne ka ce masa fofo, in kana ciniki ka ce marje no, wato nawa ne. Waɗannan biyun kaɗai za su sa a yi maka murmushi. A fada za ka ji kuɗin taksi na yau, da inda ake dambu mai kyau, da ko wasan da ka zo dominsa yana nan daram. Matambayi ba ya ɓata. Abu ɗaya da za ka kama bakinka a kai shi ne siyasa. Za a taɓo zancen Nijeriya da Nijar, za a taɓo ECOWAS, wani ma da gangan don ya ji bakinka. Ka ce kai kallon kiɗa ya kawo ka.

Mataki na biyar: koyi gada da taksi

Gada uku ce ta haɗa gefen biyu. Tsohuwar ita ce Gadar Kennedy, da aka buɗe a 1970, tsawonta ya ɗara mita 700. Kafin ita da jirgin fito ake tsallakawa. Ta biyu, wadda Sin ta gina, an buɗe ta a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. Taka ita ce Kennedy, domin ita ce ke sauke ka a tsakiyar gari.

Ka tsallaka ta da ƙafa sau ɗaya, da hantsi. Za ka ga raƙuma ɗauke da kaya suna bin gefe cikin motoci, ba ruwansu da ƙahon kowa. A ƙasa masu wanki suna buga tufafi a bakin ruwa sun shanya su a kan ciyawa, can kuma kwale-kwale suna sauke kabewa ana jibge ta tsibi-tsibi. A kan wannan gada ne ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta, uku suka rasu, abin da ya ƙara ingiza ƙasar zuwa babban taron ƙasa na 1991. Ɗaliban jami'ar suna tunawa da ranar duk shekara, shataletalen da ke bakin gadar ta gefen gari ma Dandalin Shahidai ake ce masa. Ka kalla da ido. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton gada, ko barikin soja, ko ginin gwamnati, ko jami'in da ke bakin aiki.

Taksin Yamai na haɗaka ne, ana gane shi da jan kai. Ka tsaya bakin titi, in ya rage gudu ka faɗi inda za ka ta taga. In hanyarsa ce zai tsaya, in ba ita ba ce zai ja motarsa ba tare da ya ce uffan ba. Ba wulaƙanci ba ne, haka tsarin yake. Kada ka faɗi sunan titi, ka faɗi abin da kowa ya sani: kasuwa, asibiti, shataletale, gidan mai. Kuɗin tafiya ɗaya sananne ne, amma in wurin da nisa direba zai ce kuɗin tafiya biyu ne, kuma sau da yawa haka tsallaka ruwa yake. Ku daidaita kafin ka rufe ƙofa. Akwai kuma ƙananan bas da ake kira faba-faba, sun fi arha, sun fi cin lokaci. Da safe cunkoso yana fuskantar gari, da yamma ya juyo Harobanda. Wannan ya yi maka daidai, domin lokacin da za ka fita kallo kowa dawowa yake yi.

Mataki na shida: ga gari kafin ranar

Ka iso da aƙalla kwana biyu a hannu. Fara da Gidan Tarihi na Boubou Hama, ɗan taƙi ne daga bakin gada. An kafa shi a 1959, fili ne mai faɗi da ɗakuna masu zanen gini irin na Hausa. A ciki akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a hamadar Nijar, da gangar jikin bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar sahara har mota ta buge ta a 1973. Maƙeran azurfa da dukawa suna aikinsu a harabar kana kallo. In za ka yi tsaraba, a nan za ka ga wanda ya ƙera abin da hannunsa.

Sai Babbar Kasuwa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1982, da kasuwar Katako inda ake mayar da tsohon ƙarfe tukunya, da Babban Masallaci ranar Juma'a. Ci dambu da zogale, ci kifin kogi soyayye, sayi kilishi a naɗe maka a takarda. In tafiyarka ta faɗo a Babbar Sallah, za ka ga abin da ba ka saba gani ba: raguna a feɗe an tsire su a kan sanduna, an jera su kewaye da wuta a bakin titi yini guda, sai washegari a fara rabo.

Kada ka yi wanka a kogi, akwai dorina, akwai tsargiya. Kada kuma wani ya ja ka yawon buɗe ido bayan gari. Jihar Tillaberi ce ta kewaye Yamai, kuma hanyoyin da suka fita daga Harobanda zuwa Torodi da Say da iyakar Burkina Faso ba na ɗan kallo ba ne a wannan zamani. Ko Kure mai raƙuman dawa, inda 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Agustan 2020, ka bar ta sai wani jiƙon.

Mataki na bakwai: ranar wasa

Kafin komai, da rana tsaka, ka gama maganar komawa gida. Ka karɓi lambar wani mai taksi da 'yan fada suka sani, ku yi ciniki, ku sa lokaci da wurin haɗuwa. Ka gaya wa mai gadi za ka yi dare. Sannan ka ci abinci mai riƙe ciki, ka cika wayarka da caji, ka yi barcin rana.

Ka tsallaka gada kafin magariba, ka yi sallolinka a masallacin da ke kusa da wurin. Manyan wuraren su ne Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, wadda kowa ke kira CCOG, da zauren Palais des Congrès kusa da gada, da zauren wasanni na 29 ga Yuli, da tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Jean Rouch, wadda a Oktoban 2024 aka sauya wa suna zuwa Moustapha Alassane. Direbobi da yawa har yau tsohon sunan suka fi ganewa. Wasu wasannin kuma a gidajen shaƙatawa ake yi inda ake sayar da barasa. Ka tambaya tun a fada wane irin wuri ne, don kada ka je ka tsaya a ƙofa kana saƙe-saƙe. A ganina CCOG ta fi dacewa da baƙo: fili ne a buɗe, ga iska, ga iyalai da samari da 'yan mata duk a wuri ɗaya.

Tikiti a tagar sayarwa za ka saya, ba a hannun mai zagayawa ba, kuma ka adana guntun da aka yaga aka ba ka. Akan raba kujeru, na manya a gaba, na kowa da kowa a baya. Kada ka ɓata kuɗinka a na gaba. Can masu manyan riguna suke zaune a ƙame, ga lasifika tana dukan kunne. Nemi tsakiya, kusa da inda mai daidaita sauti ya kafa teburinsa, domin abin da kunnensa ke ji shi ne sauti mafi kyau a filin. Ka zo da ɗan rawani ko darduma ka shimfiɗa, zama a kan siminti na sa'o'i yana da nasa hukunci.

An rubuta takwas, amma kada ranka ya ɓaci in goma ta yi ana gwajin makirufo. Za a fara da ƙananan mawaƙa, mai gabatarwa yana tsalle daga Faransanci zuwa Zabarmanci zuwa Hausa. Ka saurare su, a cikinsu ake samun gwanayen gobe.

In Tal National suka hau, ga abin da waya ba ta taɓa nuna maka ba. Ka sa ido a kan mutum biyu: mai ganguna da ke zaune a baya, da mai kalangu da ya rataya shi a hammata. Mai kalangu yana matse tsirkiya yana saki, muryar kalangun tana hawa tana sauka, mai ganguna yana amsa masa, jita tana gudu a samansu da ƙananan yatsu masu sauri. Kana cikin kaɗa kai a kan wani taki, sai su juya shi gaba ɗaya ba tare da kowa ya kalli kowa ba, filin ya ɗauki ihu. Mawaƙa suna karɓa-karɓa, wannan ya sauka wancan ya hau, harshe ma yana sauyawa. In aka shiga waƙar da ba ka jin yarenta, ka kalli wane ɓangaren 'yan kallo ne ya miƙe, za ka gane ta su wa ce. In kuma aka sauko kiɗan takamba, mai tafiya a hankali, da kafaɗa da hannu ake yin rawarsa, ba da ƙafa ba. Ka kwaikwayi na kusa da kai.

Liƙi yana nan kamar a gida. Ka ware abin da za ka iya tun kafin ka shigo, 'yan takardun ɗari-ɗari, ka sa su a aljihu daban, in sun ƙare sun ƙare. Kada ka bari a raɗa wa mawaƙi sunanka sai in ka shirya, domin in ya kama sunan baƙo daga Nijeriya, ba zai sake shi da wuri ba, kuma idon jama'a yana kanka. Waya kuma, ka ɗauki waƙa ɗaya don 'yan gida su shaida, ka mayar da ita aljihun gaba. Mutum ya yi tafiyar kilomita ɗaruruwa, sannan ya ƙare da kallon wasan ta gilashin da ya baro a ɗakinsa? Ban ga riba ba. Ga shi kuma a cikin turmutsitsi hannun da ke sama shi ne ke barin aljihu a buɗe.

In an tashi kuma ka samu hanya, ka je ka gaisa da makaɗan. Mutane ne masu sauƙin kai. Ka gaishe da babba da girmamawa, ka faɗi garin da ka fito, ka nemi izini kafin hoto. In suna sayar da faifai ko riga, ka saya. Kiɗan Nijar ya yaɗu ne daga waya zuwa waya, ta katin ajiya da Bluetooth, haka sunan Mdou Moctar ya fara ƙetare hamada. Hanyar ta kai waƙa nesa, amma ba ta kawo wa mai ita ko dala. Shekara nawa kana ji kyauta? Yau ranar biya ce.

To, in aka ɗaga wasan fa? Yana faruwa: wuta, ruwan sama, rasuwa, ko umarnin hukuma. Kada ka naɗe tabarma. Ƙungiyoyin nan da bukukuwan aure suke ci, kuma ƙarshen mako ba ya wucewa ba a kafa rumfa a wata unguwa ba. Ka tambayi 'yan fada wa aka gayyata, ka sa tufafi masu kyau ka bi shi. Ka kuma leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, da aka kafa a 1989, inda marigayi Malam Mamman Barka mai gurmi da biram ya yi aiki. Da rana akan samu makaɗa suna gwaji, ga tarin kayan kiɗan gargajiya a ajiye.

Mataki na takwas: komawa ƙetare

Ana saura waƙa ɗaya ko biyu ka kira direbanka, ka tara abokan tafiyarka. In ka jira sai an watse, kai da ɗaruruwan mutane za ku yi rububin motoci kaɗan, kuma da ka ce Harobanda kuɗi zai ninka. Kada ka tsallaka gada da ƙafa da tsakar dare, kada ka hau babur ɗin wanda ba ka sani ba. Fasfonka ko katinka ya kasance a jikinka, domin akwai masu sintiri, kuma in an tsayar da mota a kunna fitilar ciki, a yi sallama, a miƙa takarda. In dare ya yi nisa ƙwarai kuma akwai abokin da ke zaune a gefen gari, ka kwana can, ka kira mai masaukinka ka sanar da shi, da safe ka tsallako.

Kada ka sa ranar komawa Nijeriya washegarin wasa. Motar asuba take tashi, tasharta kuma tana wancan ƙetaren. Ka bar kwana ɗaya a tsakani: ka yi barci, ka yanki tikiti da yamma, ka sayi sukari da ganyen shayi ka kai fada, ka yi wa mai masauki godiya da sallama yadda ya kamata. Lambar mai taksin nan kuma ka adana ta, ƙaninka zai buƙace ta baɗi. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.